Zuwa Faraku, Gidan da Ba a Ɗaure Mutum

Tun da na dawo ban samu na tsince shinkafa a natse ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, “To Maman Hauwa, yaya ƙasar Faransa?” In ce mata ba Faransa na je ba, Faraku na je, a Jamhuriyar Benin, kuma a mota. Kafin in kai labarin gadar Jebba wata ta yi sallama, a ce in koma farko. Maman Dung, maƙwabciyata a nan Tudun Wada, ita ta ce in rubuta sau ɗaya in huta, wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran. To ga shi.

Kun san maigidana Malam ya rasu da sanyin bara. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Abin da ya bar mini mafi nauyi shi ne yaron, ɗanmu na fari, wanda yake gyaran wutar mota a Tina Junction kafin ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi. Na ce yaro, amma ya yi gemu. Idan ciwon ya lafa, ba ki da abokin hira kamarsa. Idan ya motsa, barci ya ƙaurace masa, yana jin ana yi masa magana a kunne, yana tsoron kowa. Da aka kwantar da shi a asibiti sun ɗaure shi da zanen gado a jikin ƙarfe, daga baya suka kulle shi a wani ɗan ɗaki shi kaɗai. Ban ce mugunta suka yi ba, su kaɗan ne, marasa lafiya da yawa. Amma tun daga nan ko igiyar shanya ya gani sai ya ratse ta gefe. Malam kaɗai ya iya da shi.

Ina fita takaba 'yan'uwan Malam suka zauna a zaurenmu. Alhaji Babba, yayansu, ya ce mace ba za ta iya ba, a kai yaron gidan mari, a sa masa ƙarfe a ƙafa har Allah Ya kawo sauƙi. Ni kuwa Maman Dung ta riga ta ba ni labarin wani gida a bayan Faraku, wata 'yar cocinsu mai saro atamfa ta gani da idonta, inda ake jinyar irin wannan ciwo ba sarƙa, ba kulle. Na roƙi a bar ni in gwada. Alhaji Babba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Ki je. Tanko zai raka ki. Amma in yaron nan ya ɗaga hannu a kan mutum, a hanya ko a can, magana ta ƙare. Tanko ya ɗaure shi ya kawo mini.”

Tanko shi ne autan su Malam, dillalin dankali. Abokin wasana ne tun ranar da aka kawo ni gidan, amma ba ya yi wa Alhaji ƙarya ko da wasa. Ranar tafiya ya iso da sassafe da jibgegiyar rigar sanyi, aljihunta ɗaya ya kumbura. Na ce, “Guzuri ne?” Ya ce, “Matar Yaya, ki bar tambaya.” Na ga bakin shuɗiyar igiyar da suke ɗaure buhu. Na ce ya tura ta ciki sosai. Ya tura.

A tasha aka fara gardama. Tanko yana so a sa yaron a tsakiya, ni a dama shi a hagu. Yaron ya ce shi gefen taga yake so. Direba ya ce shi dai ko a kan juna za mu zauna ba ruwansa. Yaron ya samu tagarsa.

Mun bar Jos muna hura hannu don sanyi, muna gama gangara Hawan Kibo zafi ya karɓe mu. Kowa ya tuɓe rigar sanyi ban da Tanko, saboda abin da ke aljihu. A gabanmu akwai wata Bayarabiya mai sayar da kwanuka, Iya Sikira, wadda ta haifi 'ya'yanta duka a Jos. Ta juyo ta ba yaron gyaɗa, suka shiga hirar batirin mota, wai na mijinta kullum sai an tura. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Shi kuwa Tanko gumi yana zuba, idonsa a kan yaron, ko tari ya yi sai ya zabura. Da muka tsaya salla a Bida, Iya Sikira ta ja ni gefe ta rage murya. “Maman yara, wancan mai rigar sanyin, asibiti kuke kai shi ko? Allah Ya ba shi lafiya. Sa'arku ɗaya kuna da saurayi mai hankali a tare da ku.” Na ce amin. Ban gyara mata ba.

Gadar Jebba ban gan ta sosai ba, na rufe ido ina salati. Yaron ne ya ce mini ruwan ya fi faɗin unguwarmu.

A Ilori muka kwana, gidan wani mai masauki Bakano da Tanko ya sani ta harkar albasa. Matarsa ta kawo amala da miyar ayoyo. Tanko ya buɗe kwano ya rufe. Ya ce, “Hajiya, tuwon nan ya ƙone.” Ta ce haka Allah Ya halicce shi. Ya ci loma ɗaya don kunya, ya ci ta biyu don yunwa, daga ƙarshe shi ya nemi ƙari. Yaron bai ci da yawa ba. Ya tambaye ni ko ƙofar ɗakin da aka ba su tana da kwaɗo. Na je na duba, tana da shi. Na roƙi mai masauki ya cire ya ajiye a wurinsa. Bai tambaye ni dalili ba, Allah Ya saka masa.

Daga Ilori zuwa bakin iyaka, garin Cikanda, hanya ba ta da sunan hanya. Motar tsohuwar fijo ce, ƙofata da waya aka ɗaure ta, in mun faɗa rami sai kaina ya gaisa da rufi. A wani ƙauye ta mutu gaba ɗaya. Direba ya buɗe gaba yana kallon inji kamar mai gaisuwar mutuwa. Yaron ya sauka, Tanko ya bi shi da sauri hannu a aljihu. Yaron ya leƙa, ya nemi wuƙa, ya fere wata waya ya murɗa ta da wata, ya ce a tayar. Ta tashi. Direba ya ce daga nan har iyaka gaba yaron zai zauna kusa da shi. Tanko ya zauna a baya yana kallon ƙeyarsa.

A iyaka, namu sun duba takardu suka sallame mu. Na can su ne jandarma, ga tsabtar kaki, ga rashin fara'a. Ɗaya ya karɓi katin allurar rigakafi ya juya shi gaba da baya, ya buɗe jakata ya ga magungunan yaron, na nuna masa takardar likita. Sai ya lalube Tanko ya zaro igiya. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan.

“Wannan na wa?”

Yaron yana tsaye a gefena. Na ji numfashinsa ya canja.

Tanko ya ce, “Na rago ne, ranka ya daɗe. Rago zan saya.”

“Ina takardar rago?”

“Ai ban saya ba tukuna.”

“In ka saya, ka zo da takarda.”

Ya mayar masa. Muna tafiya yaron ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Baffa, ragon nan yana da suna?” Tanko ya ƙara tura igiyar cikin aljihu.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasarsu mata ne a kan babur. Ba goyo aka yi da su ba, su suke tuƙi, da ɗa a baya, da kwando a gaba, da ɗaurin ɗankwali ko gezau. Na tuna yadda nake roƙon ɗan acaɓa ya bi a hankali a hawan Tudun Wada. Fetur kuwa a manyan kwalabe suke jera shi bakin titi, sai ki ce zuma. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa tauri, Tanko ya ce da shi za a iya korar ɓarawo. Da rana ta take kuma kowa ya rufe shago ya kwanta, har mai sayar da ruwa. Tanko ya ce mutanen da suke barci da azahar ba za su taɓa yin arziki ba. Wayar hannunsa sabuwa, wadda yake taƙama da ita, tun daga iyaka ta daina aiki, sai ya riƙa fito da ita yana duba lokaci.

Gidan yana bayan gari, cikin itatuwan mangwaro da kashu. Muka tarar da ƙofa a buɗe. Tanko ya tsaya yana neman maigadi, ya duba bayan ƙofar, ya dawo ya ce mini, “Matar Yaya, ko sakata babu.” A tsakar gida wasu suna saƙa, wasu suna fere doya, wani yana tafiya yana magana shi kaɗai ba wanda ya kula shi. Wani dogon mutum ya taso ya yi mana sannu da Hausa mai ɗan lanƙwasa. Sunansa Isifu, mutumin garin Jugu na ƙasarsu, shi ne tafinta, kuma yana cikin masu kula da maza. Sai da ya naɗe wando zai yi alwala na ga zoben tabo a idon sawunsa duka biyu. Ya ga na gani. Ya ce, “Na gidanmu ne, Inna. A nan aka yanke mini sarƙar.” Ya ci gaba da alwalarsa.

Shugabar wurin nas ce, Madam Silestin, gajera, da tabarau a rataye da zare. Na gyara zama zan fara ba da labarin ciwo kamar yadda na saba a asibiti, sai ta ɗaga mini hannu. Ta juya kujerarta ta fuskanci yaron. Ta bakin Isifu ta tambaye shi me yake tayar masa da hankali. Ni ban taɓa jin an tambaye shi ba. Shi ma ya yi jim, yana jiran in amsa.

Can ya ce, “A zo mini ta baya. Ko a taru a kaina.”

“In abin ya taso, me kake so a yi?”

“A matsa. Kada a taɓa ni. A kira sunana. Ba da tsawa ba. Yadda Baba yake yi.”

“Ina Baban?”

Isifu ya dube ni. Na gaya masa. Madam ta cire tabarau ta yi wata magana a hankali, na san ta'aziyya ce ko ba a fassara ba. Sannan ta ce, to ai ga uwa, ita za ta riƙa kira.

Na sunkuyar da kai. Tanko ya yi gyaran murya ya ce wa Isifu, “Gaya mata ɗan fari ne.” Isifu ya gane nan take, don su ma suna da irinta. Ya daɗe yana yi wa Madam bayani, cewa a wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, shi ya sa ake ce mini Maman Hauwa alhali Hauwa ta biyu ce. Madam ta tambaya, to da me nake kiransa? Na ce, “Kai.” In yana nesa, “Kai wannan.” Ta dubi yaron, ya ɗaga kafaɗa yana murmushi. Ta ce ba za ta tilasta mini ba, a gidan nan ba a tilasta wa kowa, har uwaye.

Malam ma da fari ba ya kira. Ranar da muka ɗauko yaron daga asibiti, da sawun ɗauri a wuyan hannunsa, ya ƙi shiga gida ya tsaya a bakin ƙofa. A nan Malam ya kira shi da sunansa, a gaban maƙwabta. Aka yi ta magana a unguwa. Da na gaya masa abin da ake faɗa, ya ce, “Kunya ta masu lafiya ce.” Ni ban iya ba. Ina daga cikin ɗaki ina jinsa yana kira, shi ke nan.

An ba ni tabarma a ɗakin mata masu jinya, Tanko da yaron a na maza. Abinci sakwara ce kusan kullum, da miyar gyaɗa da wani jan cuku na Fulaninsu da suke soyawa, ya fi nama daɗi. Magani kuwa ba wasa, safe da yamma Madam da kanta take bayarwa, tana tsaye har a haɗiye, wanda ya ƙi ta zauna su yi ta ciniki kamar masu sayen akuya. Akwai wani ɗaki da suke ce wa ɗakin hutu, labule ne a ƙofarsa. Wanda ya ji kansa ya yi zafi shi yake shiga da ƙafarsa, wani ya zauna a bakin labule yana jira. Na tambayi Madam, su ba sa ɗaurewa ko kaɗan? Ta ce wani lokaci, in mutum zai ji wa wani ko kansa, sukan riƙe shi da hannu har haɗarin ya wuce, su sake shi. Amma ranar da aka yi haka ba ta cin abinci da daɗi, don ta san akwai abin da suka makara ba su gani ba.

Yadda suke yi kuwa, a kan Tanko na fara ganinsa. Ya wanke farin kaftaninsa na Juma'a ya shanya. Wani tsoho mara lafiya ya ɗauka ya saka, ya zauna a gindin mangwaro ya harɗe kamar mai jiran a zo gaishe shi. Tanko ya fito ya gani. Kun san muryar dillali. “Kai tsoho! Tuɓe mini riga! Wane irin gida ne wannan!” Yana faɗa yana wurgi da hannu. Nan da nan tsakar gida ta yi tsit. Masu fere doya suka tura wuƙaƙe ƙarƙashin kwando. Kowa ya ja da baya. Isifu ya zo ta gabansa, ya zauna a ƙasa daɓas, ya buɗe tafin hannu. Wata mata ta ajiye kofin ruwa a inda hannunsa zai kai ta koma. Isifu ya ce a hankali, “Tanko. Tanko. Muna jinka.”

“Ni lafiyata ƙalau!”

“Haka ne, Tanko. Sha ruwa.”

Sai ga yaron ya zo ya zauna kusa da Isifu, fuskarsa ba alamar dariya. “Baffa, me kake so a yi maka?”

Ni dai na shige bayan kicin na toshe baki da mayafi. Rabona da irin wannan dariya tun Malam yana da rai. Tanko ya sha ruwan. Tsohon ya tuɓe rigar da kansa bayan la'asar, ya ninke ta ya kawo, ya ce ta yi masa gajarta.

Na yaron ya zo bayan 'yan kwanaki. Ana cin abincin rana wani ya saki murfin babbar tukunya a bayansa. Ya miƙe zumbur, idonsa ya juye, ya yi jifa da kwanonsa ya bugi bango. Aka ja da baya. Isifu ya dube ni ya yi mini alama da ka. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, “Kai! Kai wannan!” Ko waiwayowa bai yi ba. Isifu ne ya zauna a ƙasa ya kira shi, ya sake kira, har ya sauko ya shiga ɗakin labule da kansa.

Tanko ya same ni a bakin rijiya. “Matar Yaya, ya ɗaga hannu.”

“A kan kwano. Alhaji cewa ya yi mutum. Kwanon ɗan'uwanku ne?”

Ya yi tsaki ya tafi. Washegari aka zauna a gindin mangwaro, da Madam da Isifu da mai tukunya da yaron, ana tambayar me ya kawo abin jiya. Ba wanda aka yi wa faɗa. Aka tsayar cewa daga yau bayansa a jikin bango zai riƙa cin abinci. Yaron ne ya kawo shawarar.

Tanko ya koma Jos saboda kasuwa, ya bar mu. Na yi makonni a gidan. Na koyi daka sakwara da taɓarya biyu, na koya musu masa. Yaron ya gyara musu wutar injin niƙa, barcinsa ya dawo, ya yi kumatu. Ni kuma in na je rijiya ni kaɗai sai in gwada. In leƙa ciki in buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena kamar garwashi, in kai harafin farko in haɗiye. Isifu ya taɓa kama ni. Ya ce, “Inna, rijiya ba ta da surukai.” Na ce ya tafi ya ba ni wuri.

Da damina ta zauna Tanko ya dawo ɗaukarmu. Madam ta ba mu magani da takarda zuwa ga likita a Jos, ta ce ciwon bai tafi ba, kwanciya ya yi, kada a bar magani. Ta rungume ni. Ta nufi Tanko da hannu a buɗe, ya ja da baya har ya taka kaza.

Iyaka lafiya lau. Jandarman nan yana nan, ya tambayi Tanko ina rago. Ya ce tsada.

A tashar Ilori abin ya faru. An yi ruwa da safe, ko'ina caɓi. Muna sauka 'yan kamasho suka yi mana caa, wannan ya fizge jaka, wancan ya ja hannu, kowa yana kiran garinsa. Biyu suka zo wa yaron ta baya, ɗaya ya kama wuyan rigarsa, ɗaya ya riƙe damtsensa yana ja. Na ji ƙarar da ya yi. Ya fizge, ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen kwance taya da wani direba ya ajiye, ya ɗaga sama.

Kafin ƙiftawar ido an kewaye shi. Ana ihu da Yarbanci, na ji wani Bahaushe yana cewa, “Mahaukaci ne, a danne shi!” Ƙarti suna matsowa ta ko'ina. Yaron yana juyawa, ƙarfe a sama, ɗan kamashon da ya ja shi ya zame ya faɗi a gabansa. Tanko yana kwarara masa kira da tsawa, na ga hannunsa ya fito da igiya, wani har ya miƙa hannu zai taya shi warwarewa.

Ban san lokacin da na shiga tsakiya ba. Na ce, “Ku matsa! Don girman Allah ku matsa, ɗana ne!” Wata mai sayar da abinci ta fassara da muryar da ta fi tawa, ta haɗa da kaɗa ludayi. Suka ɗan ja. Na zagayo ta gabansa. Na zauna a cikin caɓin nan da atamfar da na yi ta ajiya don ranar komawa gida. Na buɗe hannuwana. Idonsa yana kaina amma ba ni yake gani ba.

Na ce, “Haruna.”

Muryar ba ta fita sosai ba. Na sake. “Haruna. Ni ce. Ba wanda zai taɓa ka.”

Ƙarfen ya tsaya a sama. Ya daɗe. Sannan ya sauko a hankali, har bakinsa ya taɓa ƙasa. Ya dube ni, yana haki. Ya dubi mutane, ya sake dubana.

Ya ce, “Umma, ashe kin san shi?”

Na ce, “Ina ɗaki aka raɗa maka. Ajiye musu ƙarfensu.”

Ya ajiye. Ya zauna kusa da ni a cikin caɓin. Mai abinci ta kawo ruwa. Ɗan kamashon ya tashi yana karkaɗe wando yana zage-zage, sauran suka yi masa dariya, taro ya watse. Tanko yana tsaye da igiya rabi a warware. Har muka iso Jos ba mu yi maganar ba, ni kuwa ban runtsa ba a motar, don na san Tanko, na kuma san abin da idonsa ya gani.

Washegari aka zauna a zaure. Ina daga bayan ƙofa. Alhaji Babba ya yi mana barka da hanya, sannan ya ce, “Tanko, ya ɗaga hannu a kan mutum?”

Tanko ya ce, “Ya ɗaga, Yaya. Da ƙarfe ma.”

Sai ya ci gaba.

“Ya kuma sauke da kansa. Ba wanda ya taɓa shi. Ni da igiya a hannuna, uwarsa ta riga ni. In za a kai shi gidan mari, a nemi wani. Ni ba zan kai shi ba.”

Alhaji ya tambayi yadda na yi. Tanko ya gaya masa. Na ji carbin ya tsaya. Can Alhaji ya ce, “A tasha? A gaban mutane?” Tanko ya ce a cikin caɓi ma. Alhaji ya ce, “To. Allah Ya ƙara sauƙi. A bar shi wurin uwarsa.” Ya shafa fatiha.

Masu tambaya ko ya warke, bai warke ba. Yana shan magani, muna zuwa ganin likita, akwai ranakun da ba ya fita. Ya koma Tina Junction rabin yini, maigidansa ya ba shi wuri a jikin bango. Na sa an cire sakatar waje ta ɗakinsa. Maman Dung ta bi ni asibiti ranar farko, muka gaya wa nas guda biyu abin da yake so a yi in abin ya taso. Ɗaya ta yi dariya, ɗaya ta ce in sake faɗa a hankali.

Na san wasu cikinku sun ji ni ta kan katanga, na kuma ji abin da tsofaffi suke cewa, wai Maman Hauwa ta je ƙasar Faransa ta baro kunyarta a can. Ba komai. Har yanzu sunan ba ya fita da sauƙi, sai na ɗan shirya. Ɗazu da na sauke tuwo na kira shi ya zo ya ɗauka. Ya amsa daga ɗaki. Hauwa tana tankaɗe a gefena, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce mata ta yi ta rufewa, wani ya riƙe wa gidan kunyarsa, ni hannuna ya cika.